Kaza a Kan Kukar Kakanmu

LITININ: DAGA GIDA ZUWA SINJA

Na fito daga gida ranar Litinin da ƙarfe huɗu na asuba, ladan bai yi kira ba tukuna. Kayana uku ne: jakar kyamara, ƙarfe mai ƙafa uku da ake ɗora ta a kai, da ƙunshin dabino da maiɗakina ta cusa mini a aljihu. Kafin in fita na leƙa ɗakin Baba. Na ɗauka barci yake yi, ashe idonsa biyu.

"Usmanu, tafiya ta tashi?"

"Ta tashi, Baba."

"To. Kada ka koma kawo min ruwan sama."

Dole in bayyana wannan magana tun yanzu, don ita ce ta tashe ni. An haifi Baba a Gidan Kuka, wani ƙauye a bakin babban kogin da muke kira bahar, kudu da Abu Hujar. Kakanmu ne ya kafa shi. Ya taso daga ƙasar Sakkwato a ƙafa zai je Makka, ya ya da zango a gindin wata kuka, bayan sallar isha ya ɗaga kai ya ga taurarin nan da muke kira Kaza da 'ya'yanta sun sauka daidai kan kukar. A nan ya gina zaurensa da ya dawo daga hajji. Baba ya tashi yana ganin wannan abu kowace kaka daga ƙofar zauren, kafin ya taho Jazira ya kama hawasha, wato gonar haya a bakin ruwan rani, inda aka haife mu. Yau shekara biyu ke nan ɓarin jikinsa ya shanye, ko ƙofar gida sai an ɗauke shi. Shi kuma bahar kowace damina sai ya gutsuri gaɓa, har ƙanen Baba ya aiko cewa kukar ba za ta ga wata ambaliya biyu ba.

Ni sana'ata ɗaukar hoto, na fasfo da na biki. Bara na je na kafa kyamara, na bar idonta a buɗe minti biyar don ta sha hasken taurari. Da na wanko hoton, kowane tauraro ya zama zare. Baba ya duba ya duba, ya miƙo mini abina, ya ce wannan ruwan sama ne, shi Kaza ya aike ni. Tun da na fara aiki ba wanda ya taɓa mayar mini da hoto sai mahaifina. Na ƙudura ba za a yi na biyu ba.

Na bi bakin magudanar ruwa a ƙafa har bakin kwalta, na yi sallar asuba a rumfar mai shayi. Ƙarfe shida saura kwata na samu hafila, wato bas ɗin haya, mai zuwa Sinnar. Kuɗin mota ya kusa ninka na bara, na biya ban yi musu ba. Mun shiga Sinnar ƙarfe takwas da rabi.

A Sinnar akwai wani mai kantin magani, Ustaz Mu'utasim, wanda na sani ta wajen aiki. Shi ɗaukar hoton sama ne abin sha'awarsa, kuma shi kaɗai na sani yana da na'urar bin taurari. Wata 'yar aba ce kamar bulo ɗaya, ana ɗaura ta tsakanin ƙafa uku da kyamara, tana juya kyamarar a hankali daidai da yadda sama ke juyawa. Ya yarda ya ara mini, amma ranar Juma'a da asuba zai bar ƙasar don ya samu aiki a waje, kuma da ita zai tafi.

"Alhamis kafin magariba, ya Usman. In ka wuce haka, sai dai ka biyo ni filin jirgi."

"Za ka gan ni kafin la'asar."

Ya zaunar da ni a bayan kanti, ya koya mini abu uku. Na farko, a jikin na'urar akwai ɗan bututun leƙe, dole a saita shi a kan tauraron arewa, wanda Larabawa ke kira Jadi, don shi kaɗai ne ba ya gusawa. Na biyu, ya ɗauki gilashin kyamarata da nake ɗaukar taron biki da shi, mai kwaso fili da yawa, ya ce mutane suna zaton mai faɗi irin wannan yana yafe kuskure. Tsakiyarsa tana yafewa, gefensa ba ya yi. In saiti ya kauce ko kaɗan, taurarin gefe ne za su fara fitar da wutsiya. Na uku, in na'urar tana bin sama, ita kukar ce za ta fito dishi-dishi, saboda haka hoto biyu zan ɗauka a wuri ɗaya, ɗaya na sama na'ura tana aiki, ɗaya na ƙasa na'ura a kashe. Na maimaita masa su ɗaya bayan ɗaya har sau biyu, sannan na tashi.

Na bar Sinnar ƙarfe ɗaya bayan azahar. Sinja wajen kilomita sittin ce. Mun wuce Mai Wurno, na ji Hausa tana tashi a bakin masu tallar gyaɗa kamar ina tsakar gidanmu. A shingen shiga Sinja aka sauke mu, wani soja ya zaro ƙafa uku daga jaka, ya juya na'urar a hannunsa, ya leƙa bututun.

"Ya hajj, wannan me take harbi?"

"Ba ta harbi. Taurari take bi."

"Ta bi su zuwa ina?"

Na buɗe kyamara na nuna masa hotunan amare da na fasfo, na nuna masa takarduna. Ya kira abokin aikinsa, shi ma ya leƙa, suka yi dariya, suka mayar mini da kayana yadda suke. Wanda ya fara tambaya ya ce in na kamo su in gaishe su.

Na kwana a wata lokanda, masaukin matafiya, kusa da kasuwa, a kan angarib, gadon igiya, a tsakar gida. Na ci wake da mai da burodi. Na kai batura shagon cajin waya na tsaya a kansu har suka cika, don ban yarda in bar su ba.

TALATA: SINJA, ABU HUJAR, GIDAN KUKA

Ƙarfe bakwai na je tashar boksi, motocin nan masu buɗaɗɗen baya. Direba ya ce yanzu za mu tashi. Ba mu tashi ba sai tara da minti ashirin, bayan an loda buhunan sukari da tumaki biyu. Ya so ya jefa ƙafa ukuna a ƙarƙashin buhuna, na hana.

"Ya zol, ƙarfe ne fa, ba ƙwai ba."

"Ƙarfen aro ne a kansa. A cinyata zai zauna."

"To ka biya masa kujera."

"In ya ci wurin wani, zan biya."

Bai ci wurin kowa ba. Abu Hujar wajen kilomita arba'in ce daga Sinja, mun isa sha ɗaya saura. Daga nan na hau karo, amalanken jaki, muka ratsa gonakin riɗi da aka riga aka yanke aka jingina. Ƙasar wurin baƙar laka ce, da rani ta tsattsage har ƙafar jaki tana faɗawa. Mun shiga Gidan Kuka ana kiran azahar, kuma muryar da ke kiran ta Baffana ce.

Baffa Ladan shi ne ƙanen Baba, uwa ɗaya uba ɗaya. Ya haura saba'in, gwiwoyinsa sun ƙi doguwar tafiya, rabonsa da yayansa shekara shida. Matarsa Inna Hajo ta kawo ruwa da kunu, ta tambayi mutanen gida ɗaya ɗaya har da awaki. Baffa bai tambayi kowa ba sai mutum ɗaya.

"Yayana shina magana?"

"Yana yi, Baffa, a hankali."

"Shina faɗa?"

"Yana yi."

"To da sauransa."

Bayan la'asar na je na ga kukar. Bara akwai wurin da mutum biyu za su wuce tsakaninta da gaɓa. Bana babu. Saiwoyinta na gabas suna reto a iska, ruwa yana wucewa a ƙarƙashinsu. Zauren Kaka ya daɗe da rushewa, sai ɗan tudu ya rage, amma Baffa ya nuna mini inda ƙofar take. A nan zan tsaya, ba gaba ba, ba baya ba, don daga nan Baba ya san abin. Kuma daga nan Kaza ba ta fi kwatan awa a kan kukar ba, sai ta haye sama. Na zaɓi ƙarshen wata da gangan don kada farin wata ya dushe taurari.

Da aka yi magariba duhu ya fara, na kafa ƙafa uku, na ɗaura na'ura. Jadi a ƙasarmu ba ya yin sama sosai, yana can ƙasa-ƙasa a tsakanin wasu itatuwan dogon yaro biyu. Na yi minti ashirin a durƙushe kafin in sa shi a tsakiyar bututun. Na tashi na ce wa Baffa kada a bar ko akuya ta matso, don in abin ya gusa, tafiyata ta tashi a banza. Ya ce in je in yi alwala hankalina kwance. Kyamarar na tafi da ita a kafaɗa. Muka yi isha, muka ci tuwon dawa da miyar kuɓewa busasshiya, Inna Hajo kuma tana zaune a tabarma tana gadin na'ura da sanda.

Ƙarfe takwas da kwata na ɗora kyamara, na juya ta gabas wajen kuka, na kunna na'ura. Takwas da rabi Kaza ta taɓa reshen sama. Na buɗe ido minti biyu. Da na duba, zare ne, irin na bara, har ma a karkace. Na ce ko batir ne, na canja, na sake. Zare. Na ce ko wani noti ne ya saki, na bi su duka na ɗaure, na sake. Zare. Kowane gwaji yana cin minti biyu, Kaza kuwa ba ta jira. Sai a ƙarshe na durƙusa na leƙa bututun. Babu Jadi a ciki. Na haska ƙasa, na ga sawun ƙafafun ƙarfen inda na kafa su da farko, ga su kuma yanzu a wani wuri.

"Wa ya taɓa wannan?"

"Ni na gyara ma ita," in ji Baffa daga bayana, da muryar wanda ke jiran godiya. "Ka bar ta ta kauce hagu ƙwarai. Shekara arba'in ni ka tsai da alƙibla garin ga, ko kabari za a gina, ko yanka za a yi. Yanzu ta dubi Makka sak."

Na ɗaga kai. Kaza ta bar kukar da kusan kamu ɗaya. Akwai maganganu a bakina, amma ƙanen mahaifina ne, kuma a gaban matarsa. Na naɗe kayana ɗaya bayan ɗaya, na ce Allah ya ba mu alheri, na shiga ɗaki. Shayin da Inna ta aiko ya huce a inda aka ajiye shi.

LARABA: GIDAN KUKA

Dare ɗaya ya rage mini. Bayan sallar asuba Baffa bai tashi daga masallaci ba, ni ma ban tashi ba. Da mutane suka watse ya ce, ba tare da ya dube ni ba:

"Hajo ta ce na yi ɓarna."

"Ba da nufi ba ne, Baffa."

"Ban tambaye ka nufi ba. Na yi ko ban yi ba?"

"An yi."

Ya ce shi a saninsa duk abin da mutum ya durƙusa ya tsayar da natsuwa haka, alƙibla ake nufi da shi, ya ga ɗan yayansa ya yi kuskure a gaban jama'a, ya rufa masa asiri. Na ce ya tuna raƙumin da ke matsar man riɗi a Abu Hujar, yadda yake kewaya turmi yini guda. Sama haka take kewayawa, Jadi shi ne turmin. Na'urar nan so take ta bi raƙumin, dole a kafa ta a kan turmi, ba a wani wuri ba.

"Jadi kaka nema? Ai da shi nika gane alƙiblar. A gefen idon hagu aka barinai." Sai ya juyo ya dube ni. "Yanzu in kukar ga ta faɗi, yayana cewa zai yi ni na hana shi ganin Kaza."

"Ba za a kai ga haka ba. Yau za a yi."

Na faɗi haka ne da ƙarfi fiye da yadda nake ji a raina.

Na yi yinin a kan shiri. Na buga turaku uku inda ƙafafu za su tsaya. Na goge gilashi. Na lissafa cewa Kaza za ta riga jiya da minti huɗu, haka Ustaz ya gaya mini take yi kullum. Da hantsi ina tsaye a tudun, wani yanki na gaɓa ya zame ya faɗa ruwa kusa da kukar, masunta biyu a kwale-kwale ko waiwaye ba su yi ba. Na roƙi Baffa a kashe fitilun sola na gidajen kusa daga ƙarfe takwas zuwa tara, don jiya haskensu ya shiga hoton. Ya sanar a masallaci bayan la'asar. Abin da ban hango ba shi ne, sanarwar za ta zama gayyata. Kafin magariba kowa a garin ya san za a ɗauki hoton Kaza don a kai wa Malam Bello, wato Baba, da ke kwance a Jazira, kuma tsofaffin da suka yi ƙuruciya da shi suka ce za su zo su gani.

Na saita na'ura bayan magariba, na nuna wa Baffa Jadi a cikin bututun da idonsa. Ya leƙa ya daɗe, ya ce to, ya ɗora hannayensa a baya. Muka tafi isha.

Da muka dawo an shimfiɗa tabarmi a kewaye da tudun, mutane sun fi talatin, wurin yana ƙamshin ƙasa mai sanyi. Ban kawo komai a raina ba. Ƙarfe takwas da minti biyar na yi gwaji, don jiya ta koya mini kada in jira sai lokaci ya yi. Taurarin tsakiya sun fito ɗigo-ɗigo, na gefe kuwa kowanne da 'yar wutsiya. Na sake. Wutsiyar ta ƙara tsawo, har ta fara shigowa ciki. Na tuna maganar Ustaz ta biyu, na durƙusa na leƙa. Jadi ya zame zuwa bakin bututun. Gwiwata kuma ta jiƙe.

Na shafa ƙasa. Laka ce. Ƙafa ɗaya ta nutse kusan gaɓar yatsa, tana kuma ci gaba.

"Inna, an zuba ruwa a nan?"

"Na share na yayyafa, ɗana. Dattawa za su zauna a kan ƙura? Amma wallahi ban taɓa abinka ba, kewaye shi na yi."

Gaskiyarta, ba ta taɓa ba. Ruwan ne ya bi tsagar ƙasa ya shiga ƙarƙashin ƙafafun. Wani tsoho ya ce, "Jiya miji, yau mata. Usmanu, gobe sai ka yi hankali da jakinsu." Aka yi dariya. Ni ban yi ba. Kaza tana ƙasa da reshen sama da kamar yatsa uku, abin da ya rage bai kai kwatan awa ba.

"Ina son abu uku masu tauri, masu faɗi. Dutse ko bulo. Yanzu."

Garin laka da kara ne, dutse sai an sayo. Mutane suka fara duban juna. Inna Hajo ta tashi da sauri irin wanda ban san tana da shi ba. Sai ga ta da faranti a ka, a kai jan bulo uku na murhunta, da zafinsu, har toka tana zuba. Tukunyar shayin baƙi ta sauke ta ajiye a ƙasa.

Na ɗaga ƙafa uku, maza biyu suka danna bulo a laka da dugadugansu har suka zauna daram, na mayar da ƙafafun a kai. Yanzu sai an sake nemo Jadi, aikin da ya ci mini minti ashirin jiya. Baffa ya matso ya tsaya a gefena, ya miƙa hannunsa na hagu sak kamar sanda.

"Bi hannuna. Ga shi nan, bisa reshen da ya karye. Kada ka nemi mai haske, wancan ba shi ba ne."

Na bi hannunsa, na same shi, na sa shi a tsakiya cikin minti biyar. Na juya kyamara yadda Kaza za ta faɗo a tsakiyar gilashi inda ya fi yafiya. Na rage lokaci daga minti biyu zuwa ɗaya, na ɗan tsuke idon gilashin saboda gefe. Sannan na juya wajen jama'a.

"Don Allah kada wanda ya tashi, kada wanda ya haska waya, kada wanda ya taka ƙasa da ƙarfi."

"Tari fa?" in ji tsohon nan.

"A riƙe shi."

Kaza ta zauna a kan kukar. Na danna. A cikin minti ɗayan nan ban ji komai ba sai ruwa a ƙarƙashin gaɓa da ɗan kukan na'ura. Na ɗauki huɗu a jere ban duba ba, don dubawa cin lokaci ce. Da Kaza ta fara rabuwa da reshen, na buɗe na farko na faɗaɗa shi. Ɗigo ne. Uwar da 'ya'yanta kowanne a zagaye, a rabe, ga wasu ƙanana da ido ba ya gani. Na je can kusurwa, nan akwai 'yar wutsiya da ba ta fi ƙwayar riɗi ba. Na ce alhamdu lillahi a fili, jama'a suka amsa, tsohon ya saki tarinsa.

Saura hoton ƙasa. Na kashe na'ura, na ce a kawo fitilar ƙwai a ajiye nesa don ta ɗan haska jikin kukar. Sai Baffa ya taɓa kafaɗata, ya yi magana ƙasa-ƙasa.

"In mutum ya tsaya gindinta, zai fito?"

"Zai fito, in zai iya rabin minti bai motsa ba."

"Na yi tsayuwar tarawihi da ta fi wannan."

Ya gyara rawaninsa, ya je ya tsaya ta gefen yamma inda ƙasa ke da ƙarfi. Bai motsa ba.

ALHAMIS: KOMAWA SINNAR

Na bar Gidan Kuka bayan sallar asuba. Inna Hajo ta ba ni riɗi da garin kuka na wannan kukar in kai wa Baba, ta ce bulonta ɗaya ya tsage amma ta yafe. Baffa ya rako ni har bakin gonaki, bai ba ni saƙon baki ba, ya ce hoton ya isa.

Karo zuwa Abu Hujar, boksi zuwa Sinja. Taya ta fashe mana a hanya, muka yi awa ɗaya da rabi a rana, na taimaka da jak don a yi sauri. A shingen Sinja sojan nan ya gane ni, ya ce ina taurarin. Na nuna masa. Ya kira abokinsa, wannan karon ba su yi dariya ba, sun daɗe suna kallo. Na shiga kantin Ustaz Mu'utasim ƙarfe uku da minti goma, ana shirin la'asar, na ajiye masa na'urarsa a goge.

Ya haɗa hotunan biyu a kwamfutarsa, jakunkunan tafiyarsa a ɗaure a gefe. Ya faɗaɗa kusurwa, ya nuna mini 'yan wutsiyoyin, ya ce ko a yanke gefen. Na ce a bar shi, haka aka ɗauko shi. Na ba shi labarin alƙibla da na bulo, ya yi dariya har ya cire tabarau. Da yamma na kai wani shago aka wanke mini babba, tsawon kamu biyu, don idon Baba ya yi rauni. Na kwana a Sinnar da hoton a naɗe a ƙarƙashin kaina.

JUMA'A: GIDA

Hafilar farko ta sauke ni a bakin kwaltarmu ƙarfe tara, na isa gida goma saura. Ban sha ruwa ba, na wuce ɗakin Baba. Ni da maiɗakina muka tayar da shi zaune, na buɗe tagar, na shimfiɗa hoton a cinyarsa. Na gaya masa gaskiya tun farko cewa hoto biyu ne aka haɗa, na sama da na ƙasa.

"Dare guda?"

"Dare guda, Baba."

"Daga ƙofar zaure?"

"Daga nan."

Ya ɗaga hannunsa mai lafiya, ya ɗora yatsa a kan kukar, ya hau da shi har reshen sama. Ya taɓa taurarin ɗaya ɗaya, leɓensa yana motsi. Ya kai ƙarshe ya sake farawa. Bai miƙo mini ba.

"Ita ce," ya ce.

Sannan yatsan ya gangaro gindin kukar ya tsaya.

"Wane tsoho ne wanga?"

"Baffa Ladan ne."

Ya kawo hoton kusa da fuskarsa, ya daɗe. Maiɗakina ta fita daga ɗakin. Sai na ba shi labarin daren Talata, yadda Baffa ya juya na'urar ta dubi Makka. Sai ƙirjin Baba ya fara girgiza. Na tsorata, ashe dariya ce, irin wadda ba mu ji ba tun da ya kwanta.

"Da ni ne ma, da na juya ta," ya ce, yana share ido.

Na ɗauko ƙusa da guduma, na nufi bangon da yake fuskanta in yana salla a kwance. Ya ɗaga hannu.

"Ba nan ba. Akwai mutum ciki, ba a sa shi gaban mai salla. Kai shi arewa, wajen Jadi."

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya. Na gode wa Ustaz Mu'utasim da ya ba da aron abin da ba a cika bayarwa ba, da mutanen Gidan Kuka da suka zauna a duhu suka riƙe tarinsu, da Inna Hajo da ta rushe murhunta, da Baffana da ya ɓata dare ɗaya ya gyara ɗaya. Saƙon da ya zo mana na ƙarshe ya ce kukar tana tsaye, amma ta fara sunkuyawa wajen ruwa. Hoton yana bangon arewa, kuma Baba ya sa an juya masa gadonsa kaɗan.